'Yar Tunkiyar da Na Ɗauko a Kan Dutse

Tun da na dawo Gumel ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo sai an tare ni: "Asma'u, wai yaya Ingilar take?" In na ce akwai sanyi, sai a ce wannan kowa ya sani. Malama Ladidi kuwa, wadda muke zama tebur ɗaya da ita, ta ce in ban zauna na rubuta ba, ita za ta riƙa ba da labarin, kuma duk abin da ta ga dama shi za ta ce na aikata. To, gara in riga ta. Sai dai ba zan ba ku labarin Landan ba, don kwana ɗaya na yi a cikinta, ban ga komai ba sai ƙafafun mutane suna sauri. Kwalejin da na yi wata tara ina koyon dabarun koyarwa ma makaranta ce kamar kowace makaranta. Abin da ya zauna mini a rai shi ne mako biyun da na yi a wani kwari can arewacin ƙasar, a gidan masu kiwon tumaki, da ɓarnar da na yi musu da hannuna.

Tafiyar ta fara daga rugarmu, kusa da Sule Tankarkar. Shekara biyu ke nan bayan farin da ya cinye mana fiye da rabin garke, kuma mahaifina, Baffa, bai gama warkewa ba. Yakan tsaya da safe yana kiran sunayen shanun da babu su. Duk da haka shi ya ɗauki akwatina a ka har bakin hanya. Inna kuwa tun ranar Alhamis ta aika kasuwar Maigatari aka sayo kuka da daddawa da yaji da ƙullin jar kanwa, da kwalbar turare mai ƙarfi irin na mutanen Damagaram, ta cusa su duka tsakanin zannuwana. Na ce, "Inna, can ma fa ana cin abinci." Ta ce, "Na ji. Amma ba wanda ya ce mini ana miya."

Daga Gumel na shiga a-kori-kura zuwa Kano. Muna isa Gagarawa taya ta fashe, muka yi awa uku a gindin tsamiya. Wani dattijo mai fataucin fata ya ji inda za ni, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "'Yata, an ce can rana ba ta fitowa sai ta ga dama. Da me za ki gane Azahar?" Na ce da agogo, Baba. Ya ce, "To, shi agogon wa yake gaya masa?"

Jirgin sama kada ku tambaye ni, idona a rufe na yi rabin tafiyar. Iyaka ce ta ba ni mamaki. Ni wadda na sani ita ce ta Maigatari, inda in za mu gaishe da Goggo a tsallake, ɗan duwan, wato kwastan na can, kan fito daga rumfarsa ya tambayi Baffa lafiyar shanu, a yi raha, mu wuce da jakinmu. A Landan layi ne dogo, shiru, ba mai gaishe da wani. Da aka zo kaina, ma'aikacin ya buɗe akwati, ya ɗaga zani, ya ciro gwangwanin daddawa. Ya tambaya mene ne, na ce kayan miya ne. Ya buɗe murfin ya kai hanci. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya rufe a hankali, ya mayar inda ya ɗauko, ya ce, "Malama, ki tafi da abinki, amma don Allah kada ki buɗe shi a cikin jirgin ƙasa."

A kwaleji ɗakina yana jikin na wata yarinya Magaret, doguwa, mai dariya da ƙarfi, wadda take shirin koyar da labarin ƙasa. Ita ta koya mini yadda ake sa safa biyu, ni kuma na koya mata kitso. Da hutun watan Afrilu ya zo, kowa yana haɗa kaya, ta leƙo ta gan ni zaune da littafi. Ta ce, "Ba za ki zauna ke kaɗai da masu shara ba. Tashi, gidanmu za mu. Kin ce ke 'yar makiyaya ce, yanzu tumakinmu suke haihuwa, Babana yana neman hannu."

Mun yi jirgin ƙasa, mun yi bas, inda bas ta ƙare kuma kawunta Jo yana jiranmu da motar ɗaukar kaya. Kawu Jo a mahaƙar dutse yake aiki. Akwai wani irin dutse a tsaunukansu mai tsagewa falle-falle kamar an jera alluna, da shi suke rufin ɗaki maimakon kwano. Ya ce tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake tsaga shi, kuma yana gane inda zai tsage ta hanyar ƙarar da ya yi in an ƙwanƙwasa. Yana magana yana tari, tarin ƙurar dutsen ne. Ya nuna mini hannunsa, yatsa ɗaya guntu, ya ce sauran yana can cikin tsauni yana jiransa.

Da muka sha wata kwana sai kwarin ya buɗe a gabanmu. A makarantar 'yan mata na haddace darasin kogin ƙanƙara, na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma a raina ban taɓa yarda ba. Yaya za a ce ƙanƙara, wadda mu muke tsinta a ƙwarya in ta faɗo da ruwan farko, ta taru ta yi tudu ta riƙa tafiya tana nuƙe duwatsu? Ranar na yarda. Kwarin kamar komin ban ruwa yake, ƙasansa shimfiɗe, gefensa a miƙe, an goge shi sumul. A tsakiya akwai tafki dogo, siriri, baƙi. Magaret ta sa kawunta ya tsaya, ta ja ni wurin wani falalen dutse ta ɗora tafin hannuna a kai. Akwai zane-zane a jiki, duk sun nufi waje guda, kamar inda damisa ta karta. Ta ce, "Nan ta bi. Ta kankare ƙasar noma ta tafi da ita, ta bar mana duwatsu da ruwa." Can tsakiyar wani fili ga wani dutse shi kaɗai, girman rumbu, wanda ƙanƙarar ta ɗauko daga nesa ta gaji ta ajiye.

Na yi ta tunanin yadda mutum zai ci abinci a wurin da ko gero ba zai tsiro ba. A kwanakin da suka biyo na gani. Duwatsun da suka cika musu fili sun tsince su ɗaya bayan ɗaya sun gina katanga da su, ba laka ba siminti, dutse kan dutse kawai, kuma katangun sun hau tsauni sun sauka tun zamanin kakannin kakanni. Ruwan wani tafki da ke kwarin gaba da nasu ana jan shi ta bututu zuwa wani babban birni. Gangaren da ba ya noma kuwa sun ba tumaki. Har tsayin tsaunin ma sun sami yadda za su ci da shi, don akwai mutanen birni da suke zuwa su hau, ba don itace ba, ba don farauta ba, su kai ƙololuwa su tsaya su duba su sauko. Mahaifiyar Magaret, wadda na riƙa kira Mama Bel, tana da ɗakuna biyu da take saukar da irin waɗannan, ta ba su wurin kwana da karin kumallo. Na tambayi ɗaya daga cikinsu me ya samo a can sama. Ya ce iska. Na yi mamaki, don a garinmu iska ita take zuwa ta same mu.

Gidan na dutse ne, katangarsa ta kai kamu biyu kauri, tagoginsa ƙanana. Duk rayuwar gidan a kicin take, gaban wani baƙin murhun ƙarfe da ba a bari ya mutu. Da Mama Bel ta ji ba na cin naman alade, kuma ba na cin wanda ba a yanka ba, ba ta yi gardama ba. Ta dube ni ta ce, "To, ƙwai zai gaji da ke." Ƙwai da safe, kifin tafki da rana, dankali kullum. Akwai wani kunu mai kauri na hatsinsu da suke sha da gishiri da madara, shi ne ya fi kama da gida. Ruwan alwala kuwa daga tsauni yake zuwa kai tsaye, ranar farko na ji kamar an sare mini yatsu. Washegari na tarar da butar shayi cike da ruwan ɗumi a bakin ƙofata, kuma haka na riƙa tararwa har na bar gidan, ba ta taɓa ce mini ita ce ba.

Mai gidan shi ne Baba Tom, gajere, ƙafafunsa sun lanƙwashe saboda hawan dutse, shekarunsa sun kusa saba'in. Turancinsa ba irin na littafi ba ne, sai da na yi kwana biyu kafin na fara tsintar kalmomi. Ba ya yawan magana da mutane, da karyarsa Mos yake hira. Da fito yake aikenta. Ya yi wani fiton ta yi dama, ya yi wani ta kwanta, tana can nesa kamar ƙuda a jikin tsauni, tumaki suna gangarowa a gabanta. Na tuna yadda yayyena suke wuni a rana da sanda, na ji kishi ya kama ni. Abin da ban saba da shi ba shi ne kare a cikin kicin. Da Baba Tom ya lura ina tattare zani duk sanda ta gifta, sai ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, daga ranar ba ta ƙara wuce bakin ƙofa ba in ina ciki.

An riga an sauko da tumakin zuwa filayen da ke kusa da gida don haihuwa. Furfura gare su, fuskarsu fara, 'ya'yansu kuwa baƙaƙe ƙirin ake haifarsu. Kwana biyu na yi ina taya su, kuma ban ji kunya ba, don hannuna ya san aikin. Har Baba Tom ya ce wa Magaret, "Wannan ta fi ki." Ina jin wannan yabon ne ya kumbura mini kai.

A rana ta uku, bayan na yi Asuba gari ya waye, na ce bari in hau in ga abin da baƙin nan suke gani. Na sa takalman roba na Magaret, na yafa babban mayafina a kan kwat, na bi wata siririyar hanya ta bayan gida, na buɗe ƙyauren katanga ta ƙarshe na shiga dajin tsauni. Na fi awa ina hawa. Can sama na isa wani wuri da ƙanƙarar ta ƙwaƙule kamar ƙwarya, da ɗan tafki a tsakiya, ruwansa bai ko motsi. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ina tsaye ina tasbihi a zuci sai na ji kuka siriri.

A gindin wani dutse na same ta, 'yar tunkiya baƙa, cibiyarta ma ba ta gama bushewa ba. Na duba gabas na duba yamma, ba uwa, ba makiyayi, ba ko hayaƙin gida. Sama kuma ga wasu manyan hankaki biyu suna kewaya. Ku da kuka san daji ku gaya mini, a wajenmu in ka ga jaririyar dabba ita kaɗai, me ya rage? Ko dila ya riga ka, ko kura. Tun ina ƙarama aka koya mini ba a wuce ta. Na cire mayafina, wanda ya yi wata bakwai a akwati tare da turaren Inna, na naɗe ta a ciki, na rungume ta a ƙirji na gangaro. Ina tafe ina yi mata waƙar da muke yi wa maruƙa da Fulatanci, raina fari tas.

Na shiga kicin da murna na ce, "Ku ga abin da na ceto!" Mama Bel ta ajiye cokali. Magaret ta dubi babanta. Baba Tom ya taso ya buɗe mayafin, ya ɗaga wutsiyar ya duba, ya ce, "Mace ce." Sannan ya ce, "A ina?"

Na kwatanta masa ƙwaryar dutsen da ɗan tafkin. Sai ya koma ya zauna.

"Kin ga uwar?"

"Babu kowa a wurin, Baba."

"Tana nan. Ita ta gan ki."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Magaret ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Tumakinsu ba a tsaron su. In an gama haihuwa ana buɗe musu ƙyaure su hau tsauni, su yi watanni ba mai bin su. Tsaunin kuma na kowa ne, ba shinge tsakanin garken wannan gida da na wancan. Abin da yake hana su cakuɗewa shi ne kowace tunkiya tana da gurbinta, inda uwarta ta yi kiwo da ita a damunarta ta farko, ta nuna mata inda ruwa yake, da inda ake fakewa in dusar ƙanƙara ta zo. Ita ma nan za ta kai 'yarta. Ko an sayar da gona, tumakin ba sa tashi, sabon mai gida ya gaje su tare da ƙasar.

Ƙwaryar dutsen nan ita ce gurbi mafi nisa na gidan Baba Tom, kuma tunkiya ɗaya ce ta rage mai riƙe da shi, wata tsohuwa mai taurin kai da ta ɓuya ranar da aka sauko da sauran. Shekara da shekaru maza take haifa, macen da ta taɓa samu dusar ƙanƙara ta binne ta. Haƙoranta sun zube, wannan ce shekararta ta ƙarshe a sama. In ba ta bar 'ya a wurin ba, tumakin kwarin da ke bayan tsaunin za su matso kaɗan-kaɗan, bayan 'yan shekaru wurin ya zama nasu, ba faɗa, ba shari'a. Wannan ban buƙaci a fassara mini shi ba. Na ga yadda burtalinmu ya tsuke shekara bayan shekara har ya ɓace cikin gonaki. 'Yar da aka shayar da kwalba a kicin kuwa ba ta san tsauni ba, ba za ta taɓa riƙe gurbi ba.

Na ce a mayar da ita yanzu-yanzu. Baba Tom ya nuna taga. Gajimare ya riga ya sauko ya rufe tsaunin har zuwa katangar ƙarshe, kuma bai ɗaga ba sai washegari. Wunin nan ni na shayar da ita da kwalba a gaban murhu, ina yi ina share hawaye, ita kuwa ta ɗauka ni ce uwarta, duk inda na sa ƙafa tana biye.

Da gari ya washe Baba Tom da Mos suka hau, suka gangaro da tsohuwar, hantsarta ta cika tam, muryarta ta dushe don kira. Aka sa su a wani ɗan ɗakin dutse. 'Yar ta nufi nono da gudu. Uwar ta sunkuya ta shinshina bayanta, ta yi atishawa, ta ja da baya, ta sa kai ta maka ta da bango.

Magaret ta ce, "Ina laifinta? Ta haifi tunkiya an dawo mata da amarya." Ta so ta ba ni dariya ne, amma ban iya ba.

Baba Tom ya gwada abin da ya sani. Ya goge 'yar da ciyawar da uwar ta kwanta a kai. Ya riƙe uwar a kusurwa don 'yar ta sha, sau biyar a wuni, kuma ya hana kwalba. Ya kawo Mos bakin ƙofa, wai in uwa ta ga kare takan tuna tana da abin karewa. Tsohuwar ta buga ƙafa ta fuskanci karyar, amma ana janye ta sai ta juya ta sake tunkuɗe 'yar. Ga shi kuma ta ƙi cin komai, don ba ta saba da rufi a kanta ba. Ranar Laraba ya ce, "Zuwa Lahadi zan buɗe mata, ko da 'ya ko babu. In na ƙara riƙe ta, mutuwa za ta yi a nan."

Don kada in zauna ina kallon ƙofar ɗakin, ya ja ni gyaran wata katanga da sanyi ya rusa. A nan na ga aikin da ya fi burge ni a duk ƙasar. Yakan dubi giɓin, ya dubi tarin duwatsu, ya ɗauki ɗaya, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya sami wurin zama, ba ya ajiye shi ya sake wani. Ni aikina cusa ƙanana a tsakiya. Muna cikin yi na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya juya wani dutse a hannunsa ya ce, "A garinku da kin bar ta, me Babanki zai ce?" Na ce zai ce ban da tausayi. Ya ce, "To." Ya ɗora dutsen. Ya tambaye ni shanu nawa fari ya kashe mana, na gaya masa. Ya ce akwai shekarar da dusar ƙanƙara ta kashe masa rabin garke, sai da ta narke ya riƙa tsintar su a gindin katanga. Daga nan muka ci gaba da ɗora duwatsu har muka rufe giɓin.

Da yammar Alhamis na ce zan yi musu tuwo, ko na rage nauyin da ke raina. Ina kwance ƙullin kanwa don miyar kuka sai na tsaya da shi a hannu. Na tuna Inna, in akuya ta ƙi ɗanta, takan tatsi nonon uwar ta jiƙa kanwa a ciki ta shafe ɗan da shi. Na fita na sami Baba Tom, na gaya masa ina jin kunya, don wadda ta yi ɓarna ba ta da bakin ba da shawara. Ya karɓi kanwar ya juya ta, ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Wannan gishirinku ne?"

"Ba gishiri ba ne, amma dabbobinmu suna bin sa da gudu."

"Kakana yana yi da gishiri. Ni na manta da shi ma." Ya miƙo mini kwano. "Tatso."

Na shafe ta tun daga ka har wutsiya. Tsohuwar ta matso, ta shinshina, ta lasa sau ɗaya, ta tsaya kamar mai tunani, sai ta shiga lasa ba ƙaƙƙautawa. Na kama hannun Magaret. Amma da kanwar ta ƙare, 'yar ta nufi nono, sai ta sake ture ta, ko da yake ba da ƙarfin da ba. Baba Tom ya ce, "Kanwar take so, ba 'yar ba. A sake gobe." Muka sake Juma'a sau uku, muka sake Asabar. Tuwon kuwa an ci, Kawu Jo ya yi ƙari, Mama Bel ta ce miyar tana da daɗi in mutum bai kalle ta ba.

Asabar da la'asar muna tsaye a waje sai Baba Tom ya ɗaga hannu. Daga cikin ɗakin muka ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, irin wanda tunkiya ba ta yi wa kowa sai abin da ta haifa. Muka leƙa ta tsagar ƙofa. 'Yar tana durƙushe tana sha, wutsiyarta tana rawa, ba mai riƙe da uwar.

Na ce, "Alhamdu lillahi, an gama." Ya ce, "Saura ke."

Ban gane ba sai Lahadi da safe, da muka kai su ƙyauren katanga ta ƙarshe. Ya buɗe. Tsohuwar ta fita ba ta ko waiwaya ba, ta kama hanyar sama. 'Yar ta bi ta taku goma, ta tsaya, ta juyo. Ni take kallo. Ta yi kuka, ta fara dawowa da ɗan gudunta. Uwar ta tsaya can gaba tana kira, ita kuma tana tsakiya, ta dubi can ta dubi nan.

Baba Tom ya ce, "Juya mata baya. Kada ki yi magana. Kada ki motsa."

Na juya na fuskanci kwari. Ina jin kukanta a bayana, kusa, har na ji ɗan hancinta ya taɓa takalmina. Waƙar maruƙan nan ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta da haƙori. Na kafa ido a kan tafkin da ke ƙasa, da hayaƙin kicin ɗin Mama Bel, da motar Kawu Jo tana rarrafe a hanya. Uwar ta sake kira. Kukan ya ɗan yi nisa, ya dawo, ya sake yin nisa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, ƙafafuna dai sun mutu da sanyi.

Sai na ji ƙarar sakata. Baba Tom ya zo ya tsaya kusa da ni, shi ma yana kallon kwarin, yana cusa taba a lofe.

Na ce, "In duba?"

Ya ce, "Duba mana. Ba abin da za ki gani."

Na juya. Dutse ne kawai, da ciyawa, da hanya siririya ta hau ta shige cikin gajimare.